Yana Ba Da Lokaci

Mahaifina bai taɓa ce wa mutum agogonsa jabu ne ba. Gyaran agogo ya yi a Zariya har ƙarfinsa ya ƙare, a wurinsa na koyi sana'ar, na koyi bakinta ma. Idan aka miƙo masa agogo mai tsada aka ce ya duba, in na gaske ne sai ya mayar wa mai shi da hannu biyu ya ce, "A riƙe shi da kyau." In kuwa jabu ne sai ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya miƙa da hannu ɗaya ya ce, "Yana ba da lokaci." Shi ke nan. Bai yi ƙarya ba, bai kuma tsinka mutum a gaban jama'a ba. 'Yan kasuwa duk sun san karatun. Wanda aka ce wa nasa yana ba da lokaci sai ya yi dariyar yaƙe, ya sa abinsa a aljihu, ba ya sake ɗaura shi zuwa ɗaurin aure.

Da wannan bakin na zo Abuja. Na samu wuri a ƙarƙashin wani bene a kasuwa, na kafa teburina mai gilashi tsakanin wani mai turare ɗan Kano da wani mai shadda ɗan Katsina. A Mararaba nake kwana, kullum in sha cunkoson hanya safe da yamma. Yawancin aikina ba wani abin faɗa ba ne, canja batir ne da rage tsawon sarƙa. Amma sunan da na yi ba a nan na yi shi ba. An san cewa in kana son ka ji gaskiyar agogonka, ka kai wa dattijon ƙarƙashin bene. A garin nan kuwa kowa yana son a ga wuyan hannunsa yana sheƙi, sai na zama mai amfani.

Mutane suna zaton akwai wani asiri a ciki. Babu. Ka ɗora agogon a tafin hannunka ka rufe ido. Na gaske nauyinsa yana zama wuri ɗaya, sarƙarsa ta kwanta lif. Jabu kuwa kana girgiza shi zai yi ta kacau-kacau kamar makullai a aljihu. Hannun da ke ƙirga daƙiƙa a na gaske sulalewa yake yi, na jabu kuwa yawanci da tsalle yake tafiya. Akwai ɗan ƙullutun gilashi a kan kwanan wata, na gaske yana ƙara wa lambar girma har ta cika wurin, ta zauna a tsakiya. Sai in maƙala madubina a ido in bi rubutun fuskar harafi bayan harafi, in ga ko tawada ta baje. In duk wannan bai raba gardama ba, sai a buɗe murfin baya. A nan ne ƙarya take ƙarewa. Cikin na gaske injin ya cika wurin taf, kowane ƙarfe an goge shi, har inda ba wanda zai gani. Cikin jabu kuwa ɗan ƙaramin inji ne, an zagaye shi da farin zoben roba don kada ya yi ta yawo.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani darakta a wata ma'aikatar tarayya. Dogon mutum ne, mai furfura, Hausarsa rabi Turanci. Manyan mutane da yawa suna zuwa, amma daga cikin mota suke miƙo agogo, ko su aiko direba. Shi kaɗai ne yake zama a kan bencina, ya tattara babbar rigarsa, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon agogo yake ɗaurawa mai maɗaurin fata, wanda ko ɗan acaɓa ba zai yi alfahari da shi ba. Ina kiransa Yallaɓai, shi kuma yana ce mini Malam. Ina son mutumin nan, gara in faɗi wannan tun yanzu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da ƙaramin akwati a hannu, fuskarsa kamar ta ango. Ya yi ritaya a makon nan.

"Malam, ka ga abin da yarana na ofis suka yi mini a bikin sallama," ya ce. "Kowa ya sa hannu, har masinja da direba. Duba mini, kai ne gwani. Orijinal ne ko?"

Mai turare da mai shadda suka miƙo wuya. Agogo ne irin na ƙasar Suwizalan, wanda kuɗinsa zai sayi fili a bayan gari. Ba ya cin batir, motsin hannun mai shi ne ke tafiyar da shi. Tun da ya sauka a tafin hannuna na gane. Jabu ne mai kyau, ban ƙi ba, har sulalewar an kwaikwaya. Amma lambar kwanan wata ta ɗan zame ƙasa, sarƙar kuma tana da surutu. Na buɗe bayan ina addu'ar a ce hannuna ne ya yi kuskure. Ga farin zoben roba nan yana kallona. Na yi maza na rufe.

Na ɗaga kai na dube shi. Mutum ne da ya ba wa aiki ƙuruciyarsa duka, bai gina komai ba sai gida ɗaya a Kado da ɗan fili a Kurudu, ga shi a gabana yana jiran in ce masa yaransa sun san darajarsa. Ga kuma maƙwabtana biyu sun kasa kunne. Sai na goge gilashin da gefen rigata, na miƙa masa da hannu ɗaya.

"Yana ba da lokaci, ranka ya daɗe."

Mai turare ya juya ya shiga gyara kwalabensa. Mai shadda ya yi tari. Yallaɓai kuwa ya yi dariya har da buga gwiwa.

"Ai dole ya ba da lokaci, Malam. Agogon wannan kuɗi?" Ya ɗaura shi, ya juya hannunsa a cikin rana. "To alhamdu lillahi, tunda ka tabbatar."

Bayan ya tafi mai turare ya matso ya ce, "Bai gane ba fa."

Na ce, "Ya gane. Dattako ne ya sa ya share."

Na san bai gane ba. Mutum ne da ya tsufa a cikin takardun ofis, inda abin da aka rubuta shi ake nufi. Bai taɓa zama a kasuwa ba balle ya san ana faɗin magana a bar rabinta a ƙasa. Da na bi shi zuwa mota na raɗa masa, da an wuce wurin. Tsakanin teburina da inda ya ajiye mota bai kai taku hamsin ba. Na zauna ina kallonsa har ya shiga ya ja.

Har yau ban sani ba ko wanda aka aika sayen agogon ne ya yi wayo, ko shi ma cutarsa aka yi. Ban taɓa bincike ba, ba kuma shi ne abin da yake hana ni sukuni ba.

Tun daga nan duk shekara kafin ƙaramar Sallah sai ya kawo mini shi in wanke in sa mai. Ya zauna a benci yana ba mutane labari: "Malam ne ya duba shi da kansa. Ya buɗe har ciki." Ni kuwa in sunkuyar da kai in yi kamar aiki ya sha mini kai. A shekara ta huɗu ɗan injin ya mutu murus, dama iyakar kwanansa ke nan. Na ce ya bar mini shi kwana biyu. Na nemo wani inji irinsa mai araha na dasa, na daidaita shi har ya fi na farko tafiya, ban karɓi ko sisi ba. Da ya zo karɓa ya kara shi a kunne ya ce, "Ka ga aikin Turawa, Malam. Ɗan wanki kawai, ya dawo sabo." Wallahi har wani daɗi na ji a raina, irin na mai sana'a da aka yabi hannunsa ba a sani ba. Yanzu in na tuna wannan daɗin kunya nake ji.

Sau ɗaya na yi niyyar faɗa masa. Ranar nan kasuwa ba mutane, maƙwabtana sun tafi salla. Na buɗe baki ke nan sai ya riga ni. Ya ce tun da ya bar aiki wayarsa ta daina ƙara, waɗanda suke cika masa falo da Sallah yanzu sai dai saƙo, in ma sun tuna.

"Amma in na kalli wannan," ya ce, yana shafa gilashin da babban yatsa, "sai in ce a'a, sun san na yi musu aiki."

Na mayar da maganata ciki. Na tambaye shi ko a sayo masa ruwan sanyi.

Da ya rasu na je ta'aziyya Kado. Na zauna a kan tabarma a ƙofar gida, na yi addu'a, na yi hawaye na gaskiya. Amma a hanyar komawa, a cikin motar haya, na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata. Na ce a raina magana ta bi shi kabari, ya tafi da farin cikinsa, ban ɓata masa ba. Har ina yaba wa kaina. Ni da nake zama a karatu bayan sallar magariba, na san komai na mamaci sai an ƙiyasta shi an raba, har takalmi da hula. Ko sau ɗaya tunanin gado bai zo mini ba.

Shekara biyar bayan nan, wata safiya, wata mata ta tsaya a gaban teburina da dogon hijabi ruwan toka. Ta gaishe ni da ladabi, ta buɗe jaka ta fito da ƙaramin akwati. Akwatin na fara ganewa kafin ita. Da na duba fuskarta sai na ga goshin Yallaɓai da hancinsa. 'Yarsa ce, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa uku, malamar makaranta.

"Baba, wurinka na zo," ta ce. "Mahaifina ya sha faɗa mana, in wata rana za a sayar da agogon nan kada a kai wa kowa sai kai."

Na nuna mata benci ta zauna daidai inda yake zama. A hankali ta ba ni labari, ba tare da neman tausayi ba. Mijinta ya rasu bara, ya bar ta da yara uku. Gidan da suke ciki na danginsa ne, sun kuma ce za su sayar, ta nemi wuri kafin damina. Tana son ta sayar da agogon ta sayi ko ɗaki biyu ne a bayan gari, inda ba wanda zai sake ce mata ta tashi.

Na ce, "'Yata, yaya aka yi agogon ya zo hannunki?"

Ta ce da aka zo rabon gado, yayyenta biyu sun duba kuɗin irinsa a waya suka nuna wa malamin da ya yi rabon. Ba wanda ya ga dalilin a sake kawo mini, tunda kowa a gidan ya san na riga na duba. Sai ya zama agogon da filin Kurudu kusan kuɗinsu ɗaya, kowanne kuma ya yi daidai da rabonta. Aka ce ta zaɓa.

"Sai na ɗauki agogon. Na farko dai abin da ya fi so ke nan. Na biyu kuma ka san filin Abuja, Baba, sai a sayar wa mutum uku fili ɗaya, ka ƙare a kotu. Na ce wannan yana cikin jakata, ba mai yi mini wasa da shi."

"Filin fa?"

"Sun sayar tuni. Shaguna ne a wurin yanzu."

Na ɗauki agogon, ya daɗe a tsaye saboda ba a ɗaura shi, na ɗan girgiza shi sai ya kama tafiya. Injina ne, yana nan lafiya lau. Na ji hannuna ya kai gefen rigata zai goge gilashin, maganar mahaifina kuma ta zo har bakin harshena. Da ƙyar na haɗiye ta.

"'Yata, jabu ne."

Wannan ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina a gaban mai kaya. Ta dube ni kamar na yi wani yare. Sai na buɗe bayan, na ba ta madubina ta riƙe a ido, na nuna mata zoben robar da ɗan injin. Na gaya mata abin da ya kamata a gani a ciki da na gaske ne. Na gaya mata injin ma ba nasa ba ne, ni na sa. Na yi ta bayani, na yi ta bayani, don muddin ina magana ba sai na dubi fuskarta ba.

Ta ajiye madubin a hankali.

"Mahaifina ya sani?"

"Bai sani ba."

"Kai fa?"

"Tun ranar farko."

"To me ka ce masa?"

"Na ce masa yana ba da lokaci."

Mai turare, wanda shi ma yanzu ya yi furfura, ya tashi ya bar shagonsa a buɗe ya yi gaba.

"Mahaifina lokaci ya tambaye ka, Baba?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta miƙe ta gyara hijabinta. Na tura mata akwatin, ta dube shi ta ce, "Ka riƙe. Ai kai ka yi shi." Ta shiga cikin mutane, ina ganin ruwan tokar hijabin har ya ɓace a kwanar masu takalma.

Ban zauna haka ba. Na nemi ofishin babban wanta, na sa rigata ta Juma'a na je. Na yi zaman jira har azahar kafin a shigar da ni. Na ce masa an yi kuskure a rabo, ƙanwarsa ta tashi a tutar babu, ni kuma a shirye nake in tsaya gaban malamin in ba da shaida. Ya saurare ni yana jujjuya biro.

"Malam, shekara nawa kana cewa orijinal ne?"

"Ban taɓa cewa haka ba."

"To me ka ce?"

Na gaya masa. Na kawo masa zancen mahaifina, da hannu ɗaya da hannu biyu, da yadda 'yan kasuwa suke ganewa. Ina faɗa ina jin yadda maganar take sauka a cikin sanyin ofishin nan, kamar tatsuniya. Ni kaina da wani ne yake ba ni labarin da ban yarda ba.

Ya ce, "Ka ce kai ka canja injin?"

"Ni ne."

"Ba da saninsa ba?"

"Ba da saninsa ba."

"To ina na asalin?"

Sai a lokacin na gane inda ya dosa. Na ce na jefar tuni, abin banza ne, ko batir ya fi shi daraja. Ya yi murmushi, ya ce shi dai abin da ya sani, mahaifinsu ya kai agogo mai tsada wurin mai gyara, mai gyara ya buɗe shi a ɓoye, yau kuma an wayi gari cikinsa roba. Ya ce albarkacin marigayi ba zai kira mini 'yan sanda ba. Ya ce rabo an yi shi bisa shari'a, kowa ya sa hannu, ita ta zaɓa da kanta. Ya danna ƙararrawa aka raka ni waje.

Ban san ko ya yarda da zarginsa ba, ko dai ya samu ƙofar fita ce ya bi. Ko wanne ne, ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Shaidata ɗaya ita ce bakina, shi kuma na riga na nuna ba ya faɗin abu kai tsaye.

Na nemi malamin da ya yi rabon, aka ce ya koma garinsu. Na kira lambar da ta bar mini ranar da ta zo, tun kafin in buɗe agogon, sau biyu ta shiga ba a ɗauka ba, daga baya ta daina shiga. Wani ya ce mini ya ji ta kama ɗaki ɗaya can gaba da Mararaba ita da yaran, wani ya ce ta bar garin. Duk safiya in muna tsaye a cunkoso ina leƙen matan da ke jiran mota a bakin titi. Ban san abin da zan ce mata ba in na gan ta. Ba ni da fili, ba ni da ɗaki biyu, haya nake yi ni ma.

Yanzu duk wanda ya miƙo mini agogo, in jabu ne ina ce masa jabu ne, ko a gaban surukinsa. Ba su so. Da yawa sun daina zuwa, sun koma wurin masu gaya musu abin da suke son ji. Sana'ar ma tana zame mini. Jabun da ake shigowa da su yanzu ba sa kacau-kacau, ba zoben roba, injin ya cika wurin taf, an goge shi har inda ba a gani. Idona kuma ya fara hazo, sai in bi rubutu sau uku ban tabbata ba. Makon jiya na riƙe wani na kusan awa guda, a ƙarshe na ce wa mai shi ban sani ba. Na koyi faɗin gaskiya daidai lokacin da na daina ganinta sosai, wannan kuma yana ci mini rai.

Agogon Yallaɓai yana hannuna na hagu. Ba don ado nake ɗaura shi ba. Irinsa in an ajiye kwana biyu tsayawa yake yi, ni kuma ba na son ta dawo wata rana ta tarar da shi a mace. Na san ba za ta dawo ba. Ina dai ɗaurawa.

Ran nan wani ma'aikaci ya zo rage sarƙa, kwat da taye, makullin mota a yatsa. Idonsa ya sauka a wuyan hannuna, ya kasa ɗaukewa.

"Oga, wannan fa? Sayar mini."

"Jabu ne."

Ya yi dariya. "Haba Baba. Kai da kake tantance na mutane za ka ɗaura jabu? In dai a hannunka yake ai gangariya ne."

"Na ce maka jabu ne. Zo in buɗe maka ka gani."

"Ka ce dai ba ka son sayarwa."

Ya karɓi nasa ya ɗaura, ya tuna bai saita shi ba, wayarsa kuma tana mota. Ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na duba na gaya masa, ya saita nasa da shi ya tafi. Ana haka ladan ya kira azahar, na sake dubawa. Ko minti ɗaya bai ɓata ba.